Ranar da Na Kwanta Ƙarƙashin Giwa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin wurin nan da kuke gina madatsar ruwa? Ya matarmu da yara? Ka ce mata labari ya iso mana cewa ta yi ƙiba, to ta rage cinye rabonka. Ya jikin Umma, ƙafar ta saki kuwa? Mu nan lafiya lau, in ban da abin da zan gaya maka.

Kar ka yi mamakin ganin takarda daga mutumin da rabonsa da biro tun muna makaranta. Wayarku ba ta shiga sai an hau tudu, kuma ko ta shiga, wannan maganar ba za ta fito daga bakina ba. Ga shi haƙorina na gaba ya fita, in na yi magana sai ka ji kamar ina fito. Don Allah kar Umma ta ji.

An dake ni, Yaya. Ni ɗin nan da ka sani.

Akwai wani direba da ya kama haya a gidan da ke jikin namu wata huɗu da suka wuce, kowa Mai Tifa yake ce masa. Kullum da yamma sai ya zo ya jingina motarsa da katangarmu, gindinta ya toshe rabin ƙofar shagon waldata, in na haɗa ƙyaure ba ni da inda zan fito da shi. Da safe kuma ya tada inji ya bar shi yana ta bulbulo mana baƙin hayaƙi har cikin ɗaki. Sau uku ina yi masa magana da lalama. Ranar Talatar da ta wuce na yi ta huɗu, kuma gaskiya ban sa lalama a ciki ba.

Ban ga tahowar marin ba. Na dai ji kunnena ya ɗauki ƙara, idona ya kawo ruwa. Na kai masa naushi, wallahi na kai, amma hannun ya tafi a hankali kamar aro shi na yi. Ya kauce yana dariya. Ya cakumi wuyan rigata ya haɗa fuskata da ƙarfen bayan motar har sau biyu, a na biyun ne haƙorin ya tafi. Da na faɗi ya bi ni da shuri a ciki da baya, da takalmin nan nasu mai ƙarfe a baki. Ko minti biyu ba a yi ba numfashina ya ƙare, ina kwance cikin baƙin mai da ruwan wankin mota ina haki, jini na bin gemuna. Mai faci da mai shayi ne suka janye shi, shi ma ɗin sai da ya ga dama.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne 'yata Barewa. Kai ka sa mata wannan sunan tun tana ƙarama, saboda ba ta iya tafiya ba sai gudu. Shekararta tara yanzu, ita ke zuwa ta ɗaya a tseren makarantarsu. Ta fito kawo min abinci, ta tsaya a bakin ƙofa ta ga komai daga farko har ƙarshe. Yarinyar da ke gaya wa ƙawayenta cewa babanta ya taɓa ɗaga gaban mota da hannu. Tun daga ranar ba ta ƙara haɗa ido da ni ba. In na shigo sai ta gaishe ni tana kallon ƙasa, ta sulale ɗakin uwarta.

Ƙanwar taka, matata, ta ce in kai ƙara wajen 'yan sanda. Na ce in je in ce musu me, wai an mari Guduma a ƙofar shagonsa? Da na warware na tsaya gaban madubi na cire riga, na ga wani mutum mai tumbi da hannaye sun saki, ban san shi ba. Shekara bakwai rabona da ɗaga ƙarfe, Yaya. Tun da ka tafi aikin nan na ce zan huta na mako biyu, ka ga inda mako biyun ya kai ni.

Jiya na buɗe ɗakin tarkace na fito da kayanmu tsakar gidan baya. Gara ta cinye bencin tas. Gwangwanayen simintin nan biyu suna nan, ɗaya ya tsage. Ƙaramar sandar tana nan. Giwa ma tana nan, babbar sandar ɗagawarmu, da fayafayenta da muka ciro daga injin tsohuwar babbar mota, kilo ɗari da ashirin, ta yi tsatsa ja-wur. Da ƙyar na mirgino ta waje. Na kifa ciki in ɗan tura ƙasa da hannu kamar yadda muke farawa, na yi bakwai, a na takwas na faɗi da haɓa, na rarrafa bakin magudana na yi amai. Ka yi dariya, na yafe maka.

Ga abin da na ƙudurta, kuma ban rubuto don neman shawara ba. Ranar da na ɗaga Giwa sau goma kamar da, ranar zan fita in sami mutumin nan a gaban waɗanda suka kalle ni a ƙasa, in karya hannun da ya mare ni. Ina so Barewa ta gani da idonta.

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Guduma

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Umma da matarmu da yara. Amsarka ta iso, na karanta ta sau biyu. Na ga wa'azin da ka yi min, cewa in bar mutumin da Allah, in motsa jiki don lafiyata. Ka tsufa, Yaya. Wai yau kai ne mai wannan magana, kai da ka taɓa jefa mutum cikin kwata saboda ya taka maka takalmi?

Yau mako biyar da farawa. Makon farko ban iya sa riga da kaina ba, ƙanwar taka ke zura min ita tana tsaki. In zan zauna sai na dafa bango, in zan tashi sai na kira sunan Allah da ƙarfi. Gwiwoyina suna ƙara, kafaɗa tana ƙara, har mai faci ya ce in zo ya ɗiga min mai. Amma jiki bai manta ba gaba ɗaya. A mako na uku na wayi gari na ji wani abu ya tashi a damtsena, na yi ta shafa shi ina murmushi ni kaɗai kamar wani taɓaɓɓe.

Da na idar da sallar asuba nake fita baya. In yi tsalle da igiya har ƙafa ta fara harɗewa, in tura ƙasa sau hamsin, in ɗauki gwangwanayen. Na haɗa sabon benci na ƙarfe zalla, da ƙafafu masu kauri da maɗoran sanda biyu a sama, wannan ko gara ta kawo danginta ba abin da za ta ci. Ƙaramar sandar na kai ta kilo sittin. Da yamma kuma akwai abin da na ƙaro wanda ba mu yi a da. Na samo tsohuwar tayar tifa a wajen mai faci, na kwantar da ita a tsakar gida, ina dukanta da babbar gudumar shago. Ba zan ɓoye maka ba, ba taya nake gani ba, hannun Mai Tifa nake gani. Ina farawa daga yatsunsa, in hau wuyan hannu, in hau gwiwar hannu, in dawo. Wani lokaci sai na ji ina ambaton sunansa da ƙarfi. Tafin hannuna ya fashe, ƙotar gudumar duk jini ne, ban fasa ba sai na kasa ɗaga ta.

Shi kuwa gogan yana nan yadda yake. Ya sa min sabon suna, wai Mai Giɓi. In zai wuce ƙofar shago sai ya danna hon har sai na ɗago, ya nuna haƙoransa ya ƙwanƙwasa na gaba da farce. Ina sauke gilashin walda in rufe fuskata don kar ya ga idona, in ci gaba da aiki. Rannan sai da na huda ƙarfen mutane saboda hankalina yana kansa.

Bari in ba ka labarin Giwa, za ka ji daɗi. Na kankare mata tsatsa, na shafa mata baƙin fenti. Amma tsatsar ta cinye ramukan fayafayen, sun yi faɗi, in ka taɓa sandar sai su riƙa kwaram-kwaram suna zamewa gefe. Ka san ni, ba na iya kwana da ƙarfe yana karkarwa a gidana. Na jawo injin walda na liƙe su da sandar, ciki da waje, layi biyu biyu. Walda ce da in ka gan ta sai ka sara min. Yanzu Giwa ta zama abu guda, ko daga saman bene aka jefo ta ba abin da zai motsa.

Barewa takan leƙo ta tagar ɗakin girki in ina dukan tayar. In na juyo sai ta janye kai. Na kira ta sau ɗaya in nuna mata damtsena, ta zo ta tsaya nesa, ta ce ta gani, ta koma. Abin yana ci min rai ƙwarai, amma na san maganinsa, saura kaɗan.

Ka gaida Umma, ka ce mata aiki ne ya riƙe ni. Na gode da kulawarka, ko da ba zan bi ba.

Ƙaninka,
Guduma

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya haƙuri da aiki? Allah ya ƙara wa Umma sauƙi. Ka ce wa matarmu ina gaishe ta, yau ba ni da bakin tsokana.

Na ga takardarka, har da layin da ka ja a ƙarƙashin magana. Ka ce in yanke waldar nan tun da wuri, domin da gangan muke barin fayafayen a sake, ko da ƙarfe ya fi ƙarfin mutum sai ya karkata shi su zube ƙasa ya tsira. Ka kuma tuna min dokarka, cewa ba a kwanciya ƙarƙashin Giwa sai da mutum tsaye a kai. Na sani, Yaya, kai ne kake tsaya min shekara da shekaru. To kana ina yanzu? Kuma sau nawa Giwa ta taɓa fin ƙarfina? Walda mai kyau irin wannan ba zan sa mata injin yanka ba.

Wata uku ke nan da 'yan kwanaki. Tumbin ya tafi, rigunana sun matse a kafaɗa. Ƙaramar sandar ta cika, kilo tamanin, ina yi mata goma sha biyu ba hutawa. Makon jiya wani mai gida ya zo yana ɗaga min murya a kan ƙyauren da na yi masa, wai yana gogar ƙasa. Ban san lokacin da na shaƙe shi da rigarsa na ɗaga shi sama ba, har takalminsa ɗaya ya faɗi. Idonsa ya firfito, yana ta dukan hannuna. Da na dire shi ya tafi bai ko ɗauki takalmin ba. Abin kunyar shi ne na ji daɗi, daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Akwai wani abu kuma, gara ka ji daga bakina. Na nemi ƙanwar taka ta tsaya min a kai ranar da zan gwada Giwa, don ka ga ban yi watsi da maganarka duka ba. Ta ƙi. Ta ce ba za ta sa hannu a abin da ƙarshensa kurkuku ne ko maƙabarta ba, kuma in ban bar zancen nan ba za ta kira Umma ta gaya mata komai. Ta ɗauki waya. Niyyata in karɓe wayar kawai, wallahi. Na riƙe wuyan hannunta na murɗe, na ture ta, bayanta ya daki ƙyauren ɗaki. Ban san hannuna ya kai haka ba. Wurin ya kumbura ya yi baƙi, shatin yatsuna huɗu a jiki, yau kwana shida ba ta taɓa keken ɗinkinta ba. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce ashe da ita zan fara, tunda ta fi Mai Tifa kusa. Shekara goma sha ɗaya muna tare ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ta ji, amma tun ranar abinci kawai take ajiye min.

Duk shi ya jawo wannan, kuma zai biya. Ban taɓa Giwa ba tukuna, amma hannuna ya san ta, kilo arba'in ne kawai tsakaninta da ƙaramar. Ranar Lahadi da yamma zan kwanta mata, lokacin yana wanke motarsa a jikin katanga. In na cika goma, daga benci sai waje.

Ka yi min addu'a, ko wace iri ka ga dama.

Ƙaninka,
Guduma

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Umma da iyali, Allah ya sa kuna lafiya. Na san ƙanwar taka ta kira ku daga asibiti, na kuma san ka so tahowa aiki ya hana. Abin da ta gaya muku shi ne ƙarfe ya faɗo. Ta rufa min asiri ne. Mako bakwai ke nan, sai yanzu nake iya zama in riƙe biro, kuma ina so ka san yadda aka yi ba ragi.

Ranar Lahadin na kira Barewa na ce ta zo ta ƙirga min. Ba don ina bukatar mai ƙirga ba, so nake ta ga babanta yana ɗaga Giwa. Uwarta ta taso za ta hana, na ja yarinyar muka fita baya, na rufe ƙyauren ƙarfen na danna sakata ta ciki. Ina jin ƙarar ruwan da Mai Tifa ke watsa wa motarsa a bayan katanga. Na kwanta, na kama sandar, na ciro ta daga maɗori.

Tun a nan na san na yi kuskure. Nauyin da na tuna daban, wanda ya sauko min daban. Amma yarinyar tana tsaye tana kallo, sai na sauke na tura. Ta ce ɗaya. Na biyu ya tashi da ƙyar, jijiyar wuyana kamar za ta tsinke. A na uku sandar ta tsaya a rabin hanya, hannun hagu ya fara rawa, sannan ya mutu gaba ɗaya. Giwa ta dawo min a ƙirji. Na ji ƙas, na ji wani ƙas, iskar da ke cikina ta fita duka ba ta dawo ba.

Barewa ta yi ihu ta rugo ta kama ƙarshen sandar ta hagu tana ja. Ni kuma idona ya rufe, jikina ya yi abin da ka koya masa tun muna samari, na karkata ƙarfen hagu don fayafayen su zube. Ba su zube ba, Yaya. Ni na liƙe su, layi biyu biyu. Gefen ya tafi ƙasa gaba ɗaya da duk nauyinsa, ya sauka a kan ƙafarta ta dama. Na ji ƙarar ƙashin 'yata da kunnena. Ihun da ta yi ban taɓa jin irinsa daga bakin ɗan Adam ba.

Haka muka kasance, faifan ya danne ƙafarta a ƙasa, sandar ta gicciye min daga ƙirji zuwa gefen wuya. Na yunƙura in ture, sai faifan ya mirgina a kan ƙafar, ta ƙara tsala ihu. Na sake yunƙurawa, ya sake nika ta. Sai na daina. Na kwanta shiru na bar ƙarfen yana shiga wuyana, domin duk motsin da zan yi a jikinta yake ƙarewa. Ina jin uwarta tana dukan ƙyauren da hannu da kai tana kiran mutane, ƙyauren da na haɗa da kaina ina alfahari ko ɓarawo ba zai ɓalle shi ba. Bakina ya cika da jini, gani ya fara yin duhu daga gefe.

Mai Tifa ne ya hau kan motarsa ya diro ta katanga. Na ga ƙafafunsa jiƙe da kumfa. Ya kama faifan ya ɗage shi daga ƙafar yarinyar, ya wurgar da sandar daga kaina har ta fasa simintin ƙasa. Ya dubi ƙafarta, ya dube ni, ya ɗura min zagin da ba zan iya rubutawa ba. Ya sungume ta, ya zare sakata, ya sa ta a gaban tifa ita da uwarta suka tafi asibiti. Ni ko waiwayata bai yi ba. Mai faci ne ya zo ya kwashe ni daga baya.

Haƙarƙarina uku ne suka karye, wannan ba komai ba ne. Ita ƙasusuwa uku na bayan ƙafarta suka murƙushe, an yi mata tiyata an sa wayar ƙarfe a ciki, ta yi mako shida da filasta. Likitan ƙashi ya ce za ta taka. Na tambaye shi gudu fa, sai ya ce mu fara da takawar tukuna, ya juya yana duba takarda.

Giwa na sa masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sun ɗauke ta, har da bencin da tayar, ban ma fito na gani ba. Mai Tifa yana nan yana ajiye motarsa inda ya saba. Na lallaɓa na je in yi masa godiya, ina tsayawa a gabansa ya ce in matsa kar ruwa ya taɓa ni. Ba mu zama abokai ba, kar ka zata. Har yanzu in na ji hon ɗinsa sai in sauke gilashin walda. Amma sau biyu ke nan mutumin nan yana ganina a ƙasa, kuma na biyun ba shi ya kayar da ni ba.

Yanzu gidan namu kowa motsa jiki yake yi, in ka ga dama ka yi dariya. Ma'aikaciyar gashin ƙashi ta rubuta mana abin da za mu riƙa yi safe da yamma. Ni nawa shi ne in ja dogon numfashi sau goma ina rungume da matashi, sannan in tsaya gaban bango in riƙa hawa da yatsu har hannu ya miƙe. Ina yi ina zufa. Na Barewa ya fi nawa wuya nesa ba kusa ba. Ana zagaya tawul a tafin ƙafarta a jawo a hankali don agarar ta saki, sannan ta yi ƙoƙarin motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ƙafar ta ƙanƙance, ta yi fari, ga tabon ɗinki kamar an ja zif. Uwarta ke ja mata, da hannun nan da na murɗe. Ni ina tsaye a bayan labule ina jin kukanta. In na shiga sai ta juya fuska bango ta yi kamar barci take. Na ce a raina ta tsane ni, kuma tana da gaskiya, ko ni ne haka zan yi.

Jiya bayan an gama na yamma ƙanwar taka ta fito ta same ni a tsakar gida. Rabon da ta zauna kusa da ni har na manta. Ta ce akwai saƙo daga Barewa, ta daɗe tana riƙe da shi don tana ganin ban cancanci ji ba. Wai yarinyar ta ce a ba ni haƙuri. Wai ta ja da duk ƙarfinta amma ƙarfen ya ƙi tashi, da ta fi haka ƙarfi da haƙarƙarina bai karye ba. Uwar ta lallashe ta ta yi ta tambaya, sai ta ce tun ranar da aka dake ni ma abin da ke damunta ke nan, ta tsaya tana kallo ba ta taimake ni ba, shi ya sa take jin kunyar haɗa ido da ni.

Yaya, na yi kuka kamar haƙarƙarin zai sake ɓallewa. Wata uku ina dukan taya ina ɗaga ƙarfe don in wanke kaina a idon yarinyar da ba ta taɓa raina ni ba, kanta take tuhuma. Da sau ɗaya na zaunar da ita na tambaye ta, da yau tana guje-gujenta a makaranta.

Yanzu ƙarfe biyar ta kusa, lokacin jan ƙafa ya yi. Uwarta ta ajiye min tawul ɗin a kan gwiwa ta wuce ɗakin girki. Ban san da wace kalma zan fara ba, ban kuma san ko hannuna zai iya ja a hankali ba. Zan naɗe takardar nan in shiga.

Ka gaya wa Umma gaskiya, na gaji da ɓoyewa. Ka roƙa wa Barewa Allah ya ba ta ƙafarta. Ka yafe min da ban ji maganarka ba.

Ƙaninka,
Baban Barewa